Yunwar walaha: abin da nake rubutawa tun da aka ce sugana ya hau

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Yau na karɓo sakamakon gwajin jini. Ba don suga na je asibiti ba. Jiri da kasala ne suka addabe ni tun ƙarshen damina, na ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne bai gama fita ba. Sai ga takarda ta nuna sugan safe, kafin in sa komai a baki, 118. Likita ta ce wanda bai kai 100 ba shi ke lafiya lau, daga 126 zuwa sama kuma, in an maimaita an sake samun haka, ciwon suga ne. Ni ina tsakani. Akwai wani gwajin da suke kira HbA1c, mai nuna yadda suga ya zauna a jini cikin kusan wata uku, shi kuma ya ba da 6.1. Tsakanin 5.7 da 6.4 shi ne wannan matsayi nawa, 6.5 ke nan an shiga.

Ta ce, "Malam, kana bakin gulbi, ba ka faɗa ba tukuna." Ɗan Argungu ba sai an yi masa fassarar wannan magana ba.

Ba ta rubuta magani ba. Ta ba ni wata uku in gyara ci, in motsa jiki, in dawo. Shekarata 47, nauyina kilo 89, ƙuguna santimita 103. Baffana da ƙafa ɗaya aka kai shi kabari saboda wannan ciwo, shi ya sa ban yi dariya ba. Lissafi nake koyarwa, abin da ban auna ba kuwa ba na yarda da shi, don haka na ware wannan littafi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na je Birnin Kebbi na sayo na'urar gwaji, naira 22,000 da tsinken gwaji goma a ciki. Na ƙara gwangwani mai hamsin a 14,500, wato kowane ɗigon jini naira 290, ya fi kuɗin ƙwai ɗaya. Ga mai ya haura dubu a lita. Ba zan iya gwada kowane abinci ba, sai dai abinci ɗaya a yini: kafin ci, bayan awa ɗaya, bayan awa biyu.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta nuna mini yadda ake yi: a wanke hannu da sabulu, a bushe shi, a soki gefen yatsa ba tsakiyarsa ba. Sau uku na ɗora allurar ina janyewa, tana tsaye tana cewa, "Yaya, kai da kake zane ɗalibai?"

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na fara da karin da na saba: koko kofi biyu da sukari cokali uku, shayi, da burodi mai kauri. Kafin ci 114. Bayan awa ɗaya, a ɗakin malamai, 192. Bayan awa biyu 151.

Nan ya kamata in tsaya, amma wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai baƙuwata ta kullum ta iso. Shekara da shekaru ke nan da walaha yunwa ke kama ni, irin mai sa hannu rawa da saurin fushi, har sai na aiki yaro ya sayo mini fanke da lemon kwalba. Ina ɗauka ihun aji ne ke cinye abincin. Yau na yi asarar tsinke na huɗu don in ga abin da ke faruwa a daidai lokacin: 79.

Saba'in da tara ba ƙarancin suga ba ne, sai ya gaza 70 ake cewa ya faɗi. Amma daga 192 zuwa 79 cikin awa biyu da kaɗan, gangara ce mai santsi. Da dare na kira ƙanwata ta warware mini. Sitacin da ke cikin gero, shinkafa, masara, rogo da alkama, sarƙa ce ta ƙwayoyin gulukos a ɗaure da juna. Tun daga baki yawu ke fara tsinka ta, shi ya sa in ka daɗe kana tauna lomar shinkafa za ka ji ta soma zaƙi. Hanji ya ƙarasa, gulukos ya shiga jini. Sai wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ta saki insulin, shi ne mai buɗe wa gulukos ƙofar tsoka da hanta da kitse. In sugan ya shigo da gudu, insulin ma yakan fito da yawa, a jikin irina kuma yakan makara, sai ya ci gaba da sharar jini bayan abincin ya ƙare. Wannan saukar ce wasu ke ji a matsayin yunwa.

Na yi ta tunanin yadda ake koko. A jiƙa gero, a niƙa, a tace, a ba awaki dusar, a dama ƙullun da tafasasshen ruwa. Duk wahalar da ya kamata ciki ya sha an riga an ɗauke masa ita a tsakar gida. Ni kuma in zo in ƙara sukari. Ashe da hannuna nake dama yunwar walaha tun ƙarfe bakwai.

Talata, 15 ga Oktoba

Tuwon shinkafa malmala uku da miyar kuka, bayan isha'i. Awa biyu: 178. Washegari da safe 121.

Wannan ya fi na koko yi mini ciwo. Ina da gona a fadama, buhu 34 na samu a ranin da ya wuce. Shinkafa ce ke biyan kuɗin makarantar yarana, ba albashi ba. A Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi a 2015, a 2016 har Legas aka riƙa sayar da tamu da sunan Lake Rice. Mu da ake yi wa kirari da ita, yau a ce ita ce ke neman kayar da ni.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na yi wauta, bari in rubuta ta yadda ta faru.

Ranar Laraba na tashi da zafin kai na ce wa uwargida daga yau babu tuwo, babu shinkafa, babu koko, babu burodi. Ƙwai, kifi, nama da ganye kawai. Ta dube ni ta ce, "Malam, tukunya biyu za a riƙa ɗorawa ke nan?" Na ce ko uku ce.

Ranar farko lafiya. Ta biyu ciwon kai tun hantsi. Ta uku na tsaya gaban allo ina warware lissafin da na shekara ashirin ina koyarwa, sai ya ɓace mini ƙurmus, na huce a kan wani yaro da bai yi laifin komai ba. Lambobin na'ura dai sun yi kyau, ba su wuce 120 ba bayan ci, sikeli ma ya nuna na sauke kilo biyu. Na riƙa jin kaina kamar na gano abin da likitoci suka kasa.

Jiya Asabar aka yi walimar auren ɗan abokina. Aka ajiye mini waina da miyar taushe, na ce ɗaya zan ɗanɗana. Ban san na ci takwas ba sai da na ga gindin kwano, na bi da shinkafa dafa-duka, na kora da lemo kwalba biyu. Awa biyu: 209, lamba mafi muni tun da na fara.

Kuɗin kifi da nama da ƙwai na kwana uku da rabi ya tasam ma 19,000, ni kaɗai, a gidan da mutum tara ke ci. Ƙanwata ta wanke ni tas a waya. Ta ce kilo biyun nan yawancinsa ruwa ne: hanta da tsoka suna ajiye gulukos, hanta kaɗai takan riƙe kusan giram 100, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kusan ninki uku. In ka daina cin sitaci ajiyar ta ƙare, ruwan ya fita ta fitsari. Yau da safe sikelin ya mayar mini da kilo ɗaya da rabi. Ta ce, "Yaya, abin da ba za ka iya yi shekara goma ba, kada ka fara shi." Gobe zan nemi yaron nan in ba shi haƙuri.

Laraba, 23 ga Oktoba

Tukunya ɗaya. Malmala biyu ƙanana, miya da yawa. Shayi babu sukari, ɗaci kamar sabara. Safe 115.

Asabar, 26 ga Oktoba

Tun da labari ya bazu a makaranta kowa ya zama likita. Wani abokin aiki ya rantse mini cewa tuwon alkama ne abincin masu suga, zuma kuma ba ta hawar da shi tunda waraka ce. Na sayi alkama mudu biyu da zuma kwalba ɗaya, 13,500 duka. Aka kai inji aka niƙo ta laushi kamar hoda.

Tuwon alkama malmala biyu: 163 bayan awa biyu. Tuwon shinkafa malmala biyu da na gwada shekaranjiya: 166. Shayi da zuma cokali biyu da burodi: 181 bayan awa ɗaya. Kuɗina dai sun tafi.

Na zauna na yi karatu a waya. A 1981 wani likita mai suna David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto ta Kanada suka fito da ma'aunin da ke jera abinci bisa saurin da yake hawar da suga. Ana ba mutane abincin da ke ɗauke da giram 50 na sitaci ko sukari, a bi jininsu awa biyu, a kwatanta da gulukos zalla da aka ba maki 100. Abin da ya kai 70 mai sauri ne, 55 zuwa ƙasa mai jinkiri. Farin burodi yana wajen 75, burodin alkama mai dusa da aka niƙa laushi yana wajen 74. Tazarar maki ɗaya! Farar shinkafa 73, sukarin shayi 65, zuma 61, wake iri-iri kuwa yawanci ba ya kai 40. Wato burodi ya fi sukarin da nake tsoro saurin shiga jini, kuma dusa ba ta yin wani tasiri sosai in inji ya mayar da ƙwayar gari.

Ban musa cewa zuma tana da amfani ba. Sai dai na'urata ba ta bambanta ta da sukari ba. Yara sun gaje kwalbar.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Kwana huɗu ke nan da na juya karin safe. Ƙosai shida ko alale biyu na fara ci, sannan koko rabin kofi mai tsamiya babu sukari. Burodi na sallame shi. Awa ɗaya: 146, 151, 139. Ƙarfe goma sha ɗaya na gwada sau biyu: 101 da 97.

Abin da ya fi lambobin daɗi shi ne baƙuwar ba ta zo ba. Ranar Talata sai da aka kira azahar na tuna ban aiki kowa sayen fanke ba. Mai fanken ma ta aiko tana tambaya ko ba ni da lafiya.

Wake ma sitaci ne kusan rabinsa, amma yana tafe da furotin da harza, ƙosai kuma ga mai, duk suna sa tumbi ya riƙa sakin abinci sannu a hankali. Na kuma lura ranar da na karya da wake, ko abincin rana ba ya hawa kamar da. Matsalar ɗaya ce, tsadar wake bana ta wuce hankali, mudu ya fi na shinkafa nesa. Ina jiran sabo ya shigo kasuwa in musanya buhu ɗaya na shinkafa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

La'asar, ban ci wani abin kirki ba, na ce bari in duba: 263. Gabana ya yanke ya faɗi. Na zauna bakin gado ina ganin ƙafar Baffa. Uwargida ta shigo ta same ni na yi zuru, ta karɓi na'urar ta duba, ta dubi hannuna ta ce, "Ba kai ka gama fere wa yara rake yanzu ba?" Na wanke hannu da sabulu na sake: 108. Ruwan rake na auna. Naira 580 da rabin awa na tashin hankali.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na fara tafiya bayan tuwon dare, minti ashirin, daga ƙofar gida zuwa bakin titi in zagayo ta bayan masallaci. Tsoka in tana aiki tana jan gulukos daga jini ko da insulin bai yi wani ƙoƙari ba. Malmala biyu babu tafiya 164, da tafiya 139.

Malamin lissafi ba zai yarda da gwaji ɗaya ba. Takardar da ke cikin kwalin na'urar ta ce tana iya kaucewa da kashi 15 cikin ɗari, wato in gaskiyar 150 ce, tana iya nuna 128 ko 172. Don haka na maimaita dare uku-uku. Masu tafiya: 139, 144, 135. Marasa tafiya: 164, 158, 169. Babu inda suka haɗu, na yarda.

'Yan majalisar ƙofar gida sun sa ni gaba. "Malam, mashin ya lalace ne?" "Ko an yi sabon zance ne a bayan masallaci?" Na ce su taso mu je su gani. Mutum ɗaya ya taso, shi ma ashe an gaya masa irin maganar da aka gaya mini, ya ɓoye.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Yau aka yi wadda na daɗe ina gudu. Kullum da rana Inna takan aiko mini da fura daga sashenta, ita ke damawa da hannunta, ta zuba sukari son ranta don ta san ina so. Wata guda ke nan ina ba yara a ɓoye. Ƙaramar ta tona.

Ta sa aka kira ni. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa da sakin fuska ba. Ta ce, "Hurag ga da kaka sha tun kana rarrahe, yau ita ta ciwo? Ubanka hura yas sha har yat tahi lahira, mi yas same shi?"

Na ce, "Allah shi bar muna ke, Inna. Baba da ƙafa yake zuwa fadama ya dawo, ni mashin ke kai ni ko'ina. Kuma a zamaninsa wa ke zuba wa fura sukari?" Ta yi shiru, sannan ta ce ai lokacin sukari sai gidan sarki da ranar suna.

Na kawo na'urar gabanta. Jiya na riga na gwada irin damunta, dunƙule biyu da sukari: 187 bayan awa ɗaya. Yau ta dama dunƙule ɗaya, nono mai yawa, babu sukari, na sha a gabanta, muka zauna muna hira har awa ta cika: 149. Ba ta san boko ba amma ta san 149 bai kai 187 ba. Muka daidaita a kan haka. Da zan fita ta ce in soki nata yatsan ita ma. Shekararta ta haura saba'in, ta sha furar tare da ni: 118. Ta yi dariya har da tafa hannu.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ranar ciwon suga ta duniya, na ji a rediyo. An zaɓe ta ne don ranar haihuwar Frederick Banting ce, wanda shi da Charles Best suka fitar da insulin a 1921, su ma a Toronto.

Na yi azumin nafila. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne sugan asuba ya fi na lokacin kwanciya: jiya na kwanta da 104, na tashi sahur da 113, alhali ban ci komai ba. Ashe gab da asuba jiki kan saki sinadaran da ke shirya mutum ya tashi, su sa hanta ta zubo gulukos daga ajiyarta. Mai lafiya insulin ɗinsa yakan daidaita abin nan take, nawa yana jan ƙafa. Kafin buɗa baki 88. Dabino uku na ci maimakon cika hannu.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Makon girbi. Ina tashi daga makaranta sai fadama, Asabar da Lahadi kuwa can na wuni ana yanka ana bugu. Ranar Lahadi na ci shinkafa da wake da mai da yaji tare da 'yan ƙwadago, kwano cike, na koma ɗaukar dami. Awa biyu: 127. A gida rabin wannan kwanon ya isa ya kai ni 160. Shinkafar ɗaya ce, mai cin ne ya bambanta.

Amma na yi asara. Na bar gwangwanin tsinken gwaji a akwatin mashin kwana uku cikin rana, murfin ma bai rufu da kyau ba. Ranar Laraba ya ba ni 71, na sake nan take a yatsa ɗaya ya ba ni 140, na uku na'urar ta ƙi karantawa. A jikin gwangwanin an rubuta kada zafi ya wuce digiri 30, kuma a rufe shi da zarar an ciri ɗaya. Ban taɓa karantawa ba. Guda 27 na zubar, kusan 8,000. Wani sabon gwangwanin ya koma 15,500. Yanzu a cikin akwatin tufafi yake kwana, can ƙuryar ɗaka. In Afrilu ta zo da zafinta na sama da 40 sai na nemi dabara, wataƙila gindin randa.

Buhu 29 aka samu. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Mako guda na ba shinkafa ita kaɗai, da kwano ɗaya nake aunawa kullum. Tuwon ɗanyar shinkafa da aka tuƙa ya yi laushi: 165. Dafaffiyar gumi, wadda matanmu ke turarawa da ɓawonta kafin a casa, ta dahu warara: 147. Gumin da wake rabi da rabi, da kwaɗon zogale da na fara ci kafin in taɓa shinkafar: 131.

Sai ɗumame. Na karanta cewa sitacin da aka dafa ya huce, wani ɓangarensa yakan ɗaure ya ƙi narkewa a ƙaramin hanji, ko an sake ɗumama shi. Na yi murna, na ce ashe kakanninmu sun riga Turawa. Ɗumamen tuwon jiya da safe: 156. Ya ragu, amma ba abin a buga ganga ba, yana cikin kuskuren da na'ura kan yi. Kuma shinkafar da ta kwana a waje tana iya ɓata ciki, gara yanzu da ake sanyi.

Hukuncina dai shinkafa tana nan a gidana. Tuwo ya koma dare biyu a mako, sauran gumi da wake, ko tuwon dawa da ba a surfe sosai ba.

Talata, 3 ga Disamba

Yau ƙa'idata ta karye. Na riga na ɗauka duk abin da ya hawar da suga da sauri zai jawo yunwa. Aka kawo mana dankalin Turawa daga Jos, aka dafa mini da ɗan mai da yaji na karya da shi. Awa ɗaya 176, ya hau sosai. Na zauna ina jiran baƙuwa da walaha, shiru. Har azahar cikina a cike.

Ashe an taɓa gwada wannan a Jami'ar Sidni ta Ostireliya a 1995. Aka ba mutane abinci iri 38, kowanne da ƙarfi daidai da na sauran, ana tambayarsu yadda suke jin ƙoshi. Farin burodi aka ba 100, dafaffen dankalin Turawa ya zo na ɗaya da 323. Dalili a fili yake in ka duba kwano: dankali ruwa ne mafi yawansa, sai ka ci tuli kafin ka kai abin da 'yan yankan burodi za su ba ka. Tumbi yana da nasa lissafin. In ya miƙe yana aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, in ya zama fanko yana sakin wani sinadari mai suna girelin da ke tayar da yunwa. Hanji ma yana da nasa saƙon idan furotin da mai suka iso shi. Saukar suga murya ɗaya ce cikin masu magana da yawa. Wannan ya bayyana mini abin da ya sa lemon kwalba, mai sukari wajen giram 10 a kowane mililita 100, ba ya ƙosar da kowa: rabin lita ya haura cokalin shayi goma sha biyu, amma wucewa yake kamar ruwa.

Litinin, 9 ga Disamba

Zazzaɓi ya kwantar da ni tun Alhamis. Ba na cin komai sai ruwan kunu, amma sugan safe 131, 128. Na ce shi ke nan na faɗa gulbin. Wani maƙwabci ya kawo mini jarkar jiƙo mai ɗaci daga wurin mai magani, wai ɗaci ke kashe zaƙi, kwana bakwai an rabu da suga har abada, 4,000. Na sha kwana biyu don kunyarsa, ban ga canji ba sai gudawa.

A asibiti aka tabbatar da zazzaɓin cizon sauro, aka ba ni magani. Likita ta ce kowane ciwo yakan sa jiki ya saki sinadaran da ke hawar da suga, kada in yi hukunci da lambar kwanakin jinya. Ta hana ni jiƙon, ta ce ba ta san abin da ke ciki ba balle abin da zai yi wa ƙoda. Yau 112. Jinya ta ci 11,000.

Lahadi, 15 ga Disamba

Na koma tafiya, mu uku yanzu. Hunturu ya sa yatsa ba ya ba da jini sai na ɗumama hannu a ruwa. Kilo 85.5. Na musanya buhun shinkafa da wake.

Alhamis, 26 ga Disamba

Hutu ya ɓata tsari. Baƙi, ɗaurin aure uku, hira har ƙarfe ɗaya. Na lura duk daren da barcina bai kai awa biyar ba, safiya takan zo da 115 zuwa sama, kuma ranar nakan wuni ina neman abin zaƙi. Jiya na ci cincin da alkaki ban ƙirga ba, ban kuma auna ba, don na san amsar.

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

Na koma asibiti. Sugan safe 104, HbA1c 5.8. Kilo 84.5, ƙugu 98. Har yanzu ina bakin gulbin, sai dai na ɗan ja da baya. Na so in ga 5.6, ban ɓoye wa likita ba.

Ta ce a wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum fiye da 3,000 masu irin matsayina, wanda aka fitar a 2002, waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58, masu shan ƙwayar metformin, wani maganin suga, kuwa da kashi 31. Na buga a kai: kashi 7 na 89 kilo 6.2 ne. Na sauke 4.5, saura 1.7. Ta ce in dawo bayan wata shida.

Abin da na kashe daga Oktoba: na'ura da tsinken gwaji gwangwani huɗu 82,000, gwajin asibiti sau biyu 24,000, alkama da zuma da jiƙo da makon nama 36,500, waɗannan na ƙarshe duk a banza. Kuɗin fanke da lemo da ban kashe ba, a ƙiyasina, sun kusa 40,000.

Daga yanzu gwaji sau biyu a mako ya isa, Litinin da safe da kuma duk abincin da ban taɓa aunawa ba. Saura dambu, ɗanwake, acca da rogo. Mako mai zuwa za mu fara dashen rani, na yi niyyar in riƙa barin mashin a bakin hanya in taka sauran zuwa gona. Azumi kuma yana tafe wajen farkon Maris, shi ne babban abin da ke gabana, don na san teburin buɗa bakin gidanmu: kunun tsamiya mai sukari, ƙanƙarar zoɓo, soyayyar doya, sannan tuwo bayan tarawihi. Na ware tsinke ashirin don makon farko. Uwargida ta yarda za ta riƙa ɗebar mini kunu kafin ta zuba sukari, sahur kuma alale ko wake. Ban tayar wa Inna da maganar furar sahur ba tukuna.